Ernest Ranglin: Makaɗin Jitar Da Ya Tsaya A Bayan Mawaƙan Jamaika



Duk wanda ya yi zaman Legas ko Fatakwal ko Benin a shekarun 1980 da 1990 ya san yadda kiɗan rege ya mamaye gari. A tasha shi ne, a shagon mai sayar da kaset shi ne, a motar haya ma direba ba ya barin kunnenka ya huta. Sunayen Bob Marley da Jimmy Cliff da Peter Tosh suka zama kamar na 'yan unguwa, ga kuma namu na gida irin su Majek Fashek da Ras Kimono. Ko wanda waƙa ba ta dame shi ba sai da ya haddace sunayen nan, da ƙarfi da yaji. Amma a tambayi masu sauraron wa ya kaɗa jitar da ke tafiya a ƙarƙashin muryar mawaƙin, sai ka ji wuri ya yi tsit.

Tarihin ɗaya daga cikin waɗannan mutane na baya nake son kawo mana yau. Sunansa Ernest Ranglin, mutumin ƙasar Jamaika. Ya yi sama da shekara 70 yana riƙe da jita, kuma mafi yawan wannan lokaci ya yi shi ne yana raka muryar wani. Na san a cikinmu akwai masu ganin zancen makaɗa bai kai a zauna a kansa ba, kuma ina girmama ra'ayinsu. Sai dai labarin mutumin nan labarin sana'a ne, labarin wanda ya yi aiki da wanda aka rubuta sunansa a jikin aikin. Wannan kuwa ya shafi tela da magini da bakanike kamar yadda ya shafi makaɗi, balle yanzu da yaranmu da dama ke shiga situdiyo a Legas da Kano da Jos suna haɗa wa wasu kiɗa.

An haife shi ranar 19 ga Yuni, 1932, a gundumar Manchester da ke tsakiyar tsibirin Jamaika. Kada masu kallon ƙwallo su ɗauka ta Ingila ce, suna ne kawai Turawan mulkin mallaka suka sa. A lokacin Jamaika na hannun Ingila kamar yadda Najeriya take, kuma mafi yawan mutanenta jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne. Wasu 'yan uwan iyayensa maza su biyu suna taɓa jita da wata 'yar ƙaramarta mai tsirkiya huɗu da ake kira ukulele, a wurinsu ya fara gani yana kwaikwayo. Da aka koma da shi Kingston, babban birni, sai ya samu littattafan koyon jita na wani Bature mai suna Ivor Mairants ya duƙufa a kansu, yana kuma sauraron faya-fayan Charlie Christian, baƙin Ba'amurken da ya fito da jitar lantarki a kiɗan jaz.

Abin da ya tsinta a littattafan nan shi ya zama jarinsa har tsufa. Ya iya karanta rubutun kiɗa, wato alamomin nan da ake zanawa a kan layuka biyar, kuma ya iya rubuta shi. Makaɗin da ke kaɗawa da ka sai an rera masa ya ji sannan ya kama. Wanda ya iya rubutun kuwa ana miƙa masa takarda zai kaɗa abin da bai taɓa ji ba. Ya fi haka ma, zai iya zama ya raba wa mutum goma aiki, ya rubuta wa mai ƙaho nasa, mai fiyano nasa, mai ganga nasa, a haɗu a tashi tare ba wanda ya taka wani. Wannan shi ake kira tsara kiɗa, kuma a Kingston ta wancan zamani masu iya shi ba su da yawa.

Yana ɗan shekara 15 ya shiga rukunin makaɗan Val Bennett, wani mai busa saksafon. Daga nan ya koma na Eric Deans, wanda ke cikin manyan rukunonin ƙasar, har ya fita da su zuwa wasu tsibiran yankin. Aikin waɗannan rukunoni a otal-otal da gidajen rawa yake, musamman a gaɓar arewa wajen Montego Bay inda 'yan yawon buɗe ido daga Amurka da Ingila ke sauka. Makaɗin otal ba shi da zaɓi. Baƙo ya nemi jaz a ba shi, ya nemi kiɗan Kuba a ba shi, ya nemi kalifso na Tirinidad ko mento, kiɗan gargajiyar ƙauyukan Jamaika, duk a ba shi a dare ɗaya. Irin makarantar da su Bobby Benson da Victor Olaiya suka yi a gidajen rawa na Legas ke nan a daidai wannan zamani. A ganina daga nan Ranglin ya samo halin da ya bi shi duk rayuwarsa, na shiga kowane irin kiɗa ba tare da ya raina shi a hannu ba, ko da a baki bai yabe shi ba.

Ana cikin haka wani abu daban na tasowa a unguwannin talakawa na yammacin Kingston. Talaka ba shi da kuɗin shiga otal, ba shi da na sayen garmaho. Sai wasu 'yan kasuwa suka riƙa haɗa manyan akwatunan lasifika, su kafa a fili da dare, su sa faifai, jama'a su biya 'yan kuɗi kaɗan su shiga rawa, su kuma sayi abin sha a hannun mai wurin. Manyansu su ne Clement Dodd, wanda aka fi sani da Coxsone, da Duke Reid, wani tsohon ɗan sanda, sai daga baya Prince Buster. Gasa ce mai zafi a tsakaninsu, har da 'yan daba. Wanda ya fi sabon faifai shi ke kwashe jama'a, don haka sukan je Amurka su sayo faya-fayan baƙaƙen fata na can, su kankare sunan waƙar da na mawaƙin daga jikin faifan don kada ɗan leƙen asirin abokin gasa ya gano ya je ya sayo irinsa. A lura da wannan. Tun kafin a fara buga faifai a Jamaika, sana'ar ta ginu a kan goge suna.

Zuwa ƙarshen shekarun 1950 kasuwar Amurka ta juya zuwa wani salon, irin kiɗan da 'yan Kingston ke so ya fara wuya. Sai masu lasifikan suka ce to bari mu buga namu. Wani ɗan kasuwa mai suna Ken Khouri yana da situdiyon Federal, can suka riƙa kama lokaci. Mawaƙa ba su yi wuya ba, samari ne birjik a bakin ƙofa kowa na son a ji muryarsa. Abin da ya yi wuya shi ne makaɗan da za su ɗauki waƙar yaron da bai san komai ba game da ma'aunin kiɗa, su gyara mata zama, a naɗe ta a tashi ɗaya. A lokacin kowa da kowa a ɗaki ɗaya ake naɗa, in mutum guda ya yi kuskure sai a koma farko, ga kuɗin situdiyo na tafiya. Dole aka nemi mutanen otal. Coxsone ya tara wani rukuni a ƙarƙashin Cluett Johnson mai kaɗa babbar jitar bes, aka sa musu suna Clue J and the Blues Blasters, Ranglin ne a kan jita, kuma sau da yawa shi ke tsara kiɗan.

A hannun waɗannan mutane aka samu salon da ake kira ska, uban rege ko kakansa. Bari in ɗan tsaya a nan, don in ba a gane wannan ba ba za a gane me mutumin ya yi ba. Kiɗan Amurkan da suke kwaikwayo yana tafiya da bugu huɗu a kowane zagaye, kuma tsakanin kowane bugu da mai bi masa akwai 'yar kafa. Makaɗan Kingston sai suka ɗauke nauyin jita da fiyano daga kan bugun, suka aza shi a cikin kafar. Wanda ya taɓa ganin mata biyu suna lugude a turmi ɗaya zai gane nan take: taɓaryar farko ta sauka, tana ɗagawa ta biyu ta shiga. Jita ita ce taɓarya ta biyu. Ɗan gajeren sara ne mai kaifi, mai kaɗawa ya sassauta yatsu nan da nan don sautin ya mutu kada ya ja. Wannan saran da ke faɗowa a inda kunne bai zata ba shi ke sa jiki ya motsa, kuma shi ne har gobe kake ji a kowace waƙar rege, an dai rage masa gudu ne kawai. Waƙar "Easy Snappin'" ta Theophilus Beckford, wadda ta fito a 1959, tana cikin na farko da aka ji wannan tafiya a fili.

Akwai jayayya kan wanda ya fara. Ranglin ya sha ba da labarin cewa wata ranar Lahadi Coxsone ya kira su ya ce yana son a sauya wa kiɗan tafiya, shi kuma ya fitar da yadda za a yi. Prince Buster ya rayu yana cewa shi ya umarci makaɗin jitarsa, Jah Jerry, da ya juya bugun. Wasu na cewa hannun Beckford ne a kan fiyano, wasu kuma na nuna cewa Rosco Gordon, wani mawaƙin birnin Memphis na Amurka, ya riga kowa jingina a kan wannan kafa. Ni dai ban yarda salon kiɗa na fitowa daga kan mutum ɗaya a rana ɗaya ba. Abin da ba a musu a kai shi ne Ranglin na cikin ɗakin lokacin da abin ke ƙulluwa, kuma shi ne mai iya kama abin da wani ya ji a ransa ya mayar da shi abin da makaɗa shida za su maimaita gobe. Shi kansa Jah Jerry, wanda ya zama makaɗin jitar shahararren rukunin Skatalites a 1964, ya ɗauki darasi a hannun Ranglin.

To me ya sa sunansa bai fito ba? Dalili na farko daga wajensa ne, kuma shi da bakinsa ya faɗa a hirarraki. Masu hannu da shuni na Kingston suna kallon ska a matsayin kiɗan 'yan tasha. Shi kuwa yana cin abinci a otal-otal, yana kuma aiki a rukunin makaɗan gidan rediyon gwamnati, JBC. In aka ji cewa da rana yana can yana kaɗa wa yaran unguwannin talakawa, zai iya rasa mutuncinsa a inda albashi yake. Don haka ya fi son a bar shi a ɓoye. Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Mun san yadda ake jin daɗin kiɗa a biki, a yi liƙi, amma in makaɗin ya zo neman aure a fara tambayar asali. Bambancin kawai, namu mawaƙan na gargajiya suna da wata kyakkyawar al'ada ta ambaton makaɗansu a tsakiyar waƙa, a kira mai kalangu da sunansa a zuga shi, ko bayan ransa kaset na riƙe da sunan.

Dalili na biyu tsarin kasuwar ne. Ana biyan makaɗi kuɗin zama ne, waƙa kaza kuɗi kaza, a sallame shi a bakin ƙofa. Faifan ya sayu kwafi hamsin ko ya zaga duniya, ba abin da zai ƙara shiga aljihunsa. A jikin faifai sunan mawaƙi da na mai kamfani ake bugawa, kai wani lokaci har a gurbin wanda ya ƙirƙiri waƙar sai ka ga sunan mai kamfanin. Ƙasar na amfani da tsohuwar dokar haƙƙin mallaka ta zamanin Turawa, sai a 1993 ta yi sabuwa. Beckford da na ambata a sama misali ne mai ban tausayi. Bayan shekaru sama da 30 aka ɗauki waƙarsa aka yi tallar wandon jins da ita a Turai, shi kuwa yana Kingston cikin rashi, bai ga ribar ba, har aka kashe shi a 2001.

Mutumin da ya fara fito da sunan Ranglin fili wani matashin farar fata ne da ya tashi a Jamaika, Chris Blackwell. Ya san shi tun a otal-otal na Montego Bay. Da ya kafa kamfanin Island a 1959, Ranglin na cikin mutanen farko da ya naɗa, har ya fitar masa da faifan jaz na kansa mai suna "Guitar in Ernest". A 1962, shekarar da Jamaika ta samu 'yancin kai, aka zo tsibirin ɗaukar "Dr. No", fim na farko na James Bond, Ranglin ya kaɗa jita a kiɗe-kiɗen tsibiri da ke cikinsa. Sunan da aka rubuta a kan kiɗan fim ɗin na Monty Norman ne, Baturen Ingila.

A wannan shekara Blackwell ya mayar da kamfaninsa Landan, yana sayar wa 'yan Jamaika mazauna can faya-fayan gida. A 1963 ya kawo wata yarinya mai siririyar murya, Millie Small, ya kuma aika wa Ranglin ya zo. Suka ɗauko wata tsohuwar waƙar Amurka ta 1956, "My Boy Lollipop", Ranglin ya sake mata tsari a kan tafiyar ska. Makaɗan da aka ɗauko Turawan Ingila ne da ba su saba da wannan juyayyen bugu ba, shi ya rubuta musu ya kuma nuna musu. A 1964 waƙar ta kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila, ta kai na biyu a Amurka, aka sayar da miliyoyin kwafi. Ita ce karo na farko da duniya ta ji kiɗan Jamaika na zamani. Ita ta tsayar da Blackwell da ƙafafunsa, kamfanin da daga baya ya ɗauki Bob Marley a 1972, aka kuma sayar da shi a 1989 a kan ɗaruruwan miliyoyin daloli. Abin dariya, shekara da shekaru masoya waƙar suna gardama kan wanda ya busa 'yar harmonika a tsakiyarta, har jita-jita ta yaɗu cewa Rod Stewart ne, amma wanda ya zana kiɗan gaba ɗaya ba a cika tambayarsa ba.

Waƙar ta iso har nan. A tsakiyar shekarun 1960 Millie Small ta zo rangadi Najeriya, kuma rukunin Koola Lobitos na Fela, tun kafin a san shi da Afrobeat, ya yi yawon tare da ita. Mai gangar rukunin wani saurayi ne ɗan Legas, Tony Allen. A riƙe sunansa, za mu sake haɗuwa da shi.

A Landan ɗin Ranglin ya leƙa gidan jaz na Ronnie Scott, wanda shi ne matattarar gwanayen jaz na Ingila. Ya hau ya kaɗa, mai gidan ya riƙe shi, ya yi wata tara yana kaɗawa a wurin. Ya fitar da faya-fayan jaz guda biyu a 1964. Ƙofa ta buɗe masa ke nan ta zama tauraro da sunansa a Turai, amma sai ya tattara ya koma Kingston, ya koma kujerarsa ta baya.

Shekaru goma sha da suka biyo baya su ne tsakiyar aikinsa, kuma su ne mafi wuyar bin diddigi, saboda yawan abin da ya sa hannu a ciki. A situdiyon Coxsone da ke titin Brentford, wanda ake kira Studio One, ya raka wasu samari da ke kiran kansu Wailers a waƙar "It Hurts to Be Alone". Ƙaramin cikinsu, Junior Braithwaite, shi ke bayarwa, Bob Marley na cikin 'yan amshi. Wanda ya saurare ta zai ji jita na zagaya muryar yaron a hankali, tana shiga inda ya ja numfashi, tana ja da baya in ya dawo. Wannan shi ne ainihin gwanintar mai rakiya, ya san inda zai yi shiru. Ranglin yana da saurin yatsa da zai iya cika kowace kafa da ado, kuma in an sake masa fili yakan yi, sautin na zubowa kamar tsakuwa a kan kwano. Amma a bayan mawaƙi sai ya riƙe hannunsa.

Ya zama shugaban makaɗa a kamfanin Federal na tsawon shekaru, ya yi aiki da Duke Reid, ya yi da Clancy Eccles a daidai 1968 lokacin da rege ke fitowa. A tsakanin ska da rege an yi wani salo mai sanyi da ake kira rocksteady, kuma gaskiya a faɗe ta, a wannan zangon jitar da ta fi tashe ta Lynn Taitt ce, wani mutumin Tirinidad, kafin ya yi ƙaura zuwa Kanada. A 1973 gwamnatin Jamaika ta ba Ranglin lambar girma ta Order of Distinction. A 1976 da 1977 yana ɗan ƙaramin situdiyon Black Ark da Lee Perry ya gina a bayan gidansa, jitarsa na cikin faifan "Police and Thieves" na Junior Murvin da "Heart of the Congos", waɗanda masana rege ke sawa a sahun gaba. Mutumin da ya fara da kiɗan rawar Turawa sanye da kwat a otal, ga shi a ɗakin 'yan Rasta cikin hayaƙi yana ba su abin da suke nema. Tsakanin waɗannan wurare biyu akwai nisa ƙwarai, kuma makaɗan zamaninsa kaɗan ne suka iya zama a duka biyun.

Ya ba da labarin cewa Bob Marley, bayan ya yi suna, ya nemi ya zo ya zauna tare da shi dindindin, bai karɓa ba. Wanda ya bi yawon duniya shi ne Jimmy Cliff, a matsayin mai jita kuma mai tsara kiɗa, ana jin sa a faifan wasan Cliff na gaban jama'a da ya fito a 1976. A irin wannan yawo ne ya fara taka ƙasar Senegal, ya haɗu da wani saurayi Bafulatani mai son waƙa daga garin Podor, Baaba Maal.

Sai zamani ya juya wa sana'ar baya. A 1985 wata waƙa mai suna "Under Mi Sleng Teng" ta fito a Kingston, an gina kiɗanta a kan wani ɗan ƙaramin fiyanon lantarki na Casio. Ta karɓu fiye da zato, furodusoshi suka gane cewa yaro ɗaya da na'ura zai yi aikin mutum shida. Makaɗan situdiyo da yawa suka zauna ba aiki. Mun ga irin wannan da idonmu a Kano, lokacin da fiyanon Yamaha ya shigo waƙoƙin fim, masu kalangu da garaya suka koma sai biki da taron siyasa. Ranglin bai faɗa wannan rami ba, don a lokacin ya riga ya koma jihar Florida ta Amurka, kuma yana da jaz a hannu. Tsohon abokinsa Monty Alexander, gwanin fiyano ɗan Kingston da ya yi suna a Amurka, sun daɗe suna naɗa faya-fayai tare. Sana'ar da ya koya a otal tun yana yaro ita ta ɗauke shi a shekarun da kasuwar gida ba ta bukatarsa.

A 1996, yana da shekara 64, kamfanin Island ya fitar masa da faifan "Below the Bassline". Abin da ya yi a ciki mai sauƙin faɗa ne: ya ɗauko sanannun kiɗe-kiɗen rege, ya cire muryar mawaƙi, ya bar jita ta yi magana, Monty Alexander na kan fiyano, Idris Muhammad na New Orleans na kan ganga. Faifan ya karɓu a Turai da Amurka da Japan, aka fara gayyatarsa manyan bukukuwan kiɗa da sunansa a saman takarda. Matasan da suka taso da rege sai a lokacin suka gane cewa dattijon nan mai murmushi da suke kallo yana cikin faya-fayan da iyayensu suka tara a gida.

Da ya samu wannan dama, Afirka ya nufa. Ya koma Dakar bayan shekara 20 da wani abu, ya nemi Baaba Maal, wanda a lokacin ya zama babban mawaƙi, suka naɗa "In Search of the Lost Riddim" da ya fito a 1998. Ina ba duk mai son jin yadda jita ke zama da kayan kiɗanmu shawarar ya nemi wannan faifai. Akwai kora, akwai tama, 'yar ƙaramar gangar hammata da ba ta da maraba da kalangu, akwai hoddu na Fulani, ɗan uwan molo, akwai ƙwarya, ana waƙa da Fulatanci da Wolof. Abin da ya burge ni shi ne, faifan nasa ne, sunansa ne a jiki, amma a wurare da dama sai ka ji ya koma baya ya bar wa masu gida fili, yana raka su kamar yadda ya raka yaran Kingston.

Bayan shekara biyu, a 2000, ya fitar da "Modern Answers to Old Problems", inda ya jingina da kiɗan Afrobeat. Wanda ya zauna a kan ganga shi ne Tony Allen. Shi ma ya yi shekara 15 a bayan Fela, shi ya gina tafiyar gangar da Afrobeat ke tsaye a kanta, kuma ya bar rukunin a ƙarshen shekarun 1970 cikin ƙorafin kuɗi da rashin ambaton suna. Su biyun sun san ciwon juna ba sai an yi bayani ba.

Karramawa ta riƙa zuwa a jere bayan tsufa. Jami'ar West Indies ta ba shi digirin girmamawa a 2002. A 2016, yana da shekara 84, ya yi rangadin da aka kira na ban kwana a Turai, har da babban bikin Glastonbury na Ingila, Tony Allen na kan ganga, Cheikh Lô na Senegal na waƙa, Courtney Pine na busa. Tony Allen ya rasu a Faris a ƙarshen Afrilun 2020, Millie Small ta bi shi a Landan bayan 'yan kwanaki. A 2021 gwamnatin Jamaika ta ɗaga lambar Ranglin zuwa Order of Jamaica. Ban kwanan dai bai tabbata ba, don a 2022, shekarar da ya cika 90, sai ga sabon faifai, "Two Colors", shi da mai busa saksafon Dean Fraser, wanda aka haifa lokacin da Ranglin ya riga ya yi shekara goma yana kaɗawa a otal.